Jirgin ƙasa na shaƙatawa: yadda yake, da abin da ya hana shi isowa Damargu

Mai karatu, in kana zaune a Tanut ko Belbeji, mai yiwuwa ba ka taɓa ganin jirgin ƙasa da idonka ba, sai a talabijin ko a waya. Babu layin dogo a Damargu, babu kuma a duk faɗin Damagaram. Wanda ya yi fatauci zuwa Kano ya ga tashar jirgi a can. Wasu daga cikin alhazanmu sun hau jirgin Haramaini, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, mai gudun kilomita 300 a awa ɗaya. Waɗannan jirage ne na mai son ya isa inda za shi. Akwai kuma wani iri dabam, wanda mutum yake hawa domin tafiyar kanta: ya zauna kusa da taga, ya ci, ya sha, ya kalli ƙasar Allah tana wucewa. Shi ake kira jirgin shaƙatawa, ko jirgin ƴan yawon buɗe ido.

Me ke cikinsa?

Jirgin ƙasa jerin taragai ne da inji yake ja a kan dogo. A jirgi na gama-gari, tarago ɗaya yana ɗaukar mutum 60 ko fiye. A jirgin shaƙatawa kuwa, an raba taragon zuwa ƴan ɗakuna, kowane da gado da makewayi da wurin wanka. Akwai taragon cin abinci da masu dafuwa. Akwai taragon hira mai manyan tagogi, domin kallo. Jirgin yana tafiya a hankali da gangan. Na kamfanin Rovos Rail na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1989, ba ya wuce gudun kilomita 60 a awa, kuma ba ya ɗaukar fasinja fiye da 72. Yakan tsaya a hanya a fita da matafiya su ga namun daji ko wani tsohon gari. Tafiyarsa daga birnin Kef zuwa Darussalam ta Tanzaniya tana cin kimanin mako biyu, alhali jirgin sama yana yin ta a yini guda.

Daga nan za ka gane dalilin tsadarsa. Fasinjoji kaɗan ne, ma'aikata suna da yawa, kwanakin hanya kuma duk a wuyan kamfani suke. Kwana ɗaya a cikin mafi shahara daga jiragen Turai yana iya haura sefa miliyan 2 ga mutum guda. Kai da ka san farashin dabba a kasuwar Tanut, sai ka lissafa garken da ke cikin wannan kuɗi.

Mafarin abin a Turai ne. A 1883 wani ɗan Beljiyam mai suna Georges Nagelmackers ya fara jirgin Orient Express, daga Faris zuwa wajen Istambul, domin sarakuna da attajirai. A lokacin babu abin da ya fi shi sauri a wannan hanya. Da jirgin sama ya yawaita sai masu kuɗi suka koma can, aka daina zuwa Istambul a 1977. Wani attajiri Ba'amurke, James Sherwood, ya sayi tsofaffin taragai ya gyara, ya maido su kan dogo a 1982. Sauri ya riga ya koma sama, saboda haka abin da ya rage a sayar shi ne jin daɗi da kallo.

Jirgin da ya gaji raƙumi

Labarin da ya fi kusa da rayuwarmu yana Ostireliya. Tsakiyar wannan ƙasa hamada ce. Tun daga wajen 1860 Turawa suka riƙa shigo da raƙuma tare da madugai daga Afganistan da yankin da yake Pakistan a yau. Yawancinsu Musulmi ne, har suka gina masallatai a can. Su suka riƙa kai abinci da kayan aiki cikin hamada, har da kayan shimfiɗa dogon kansa. Da jirgi ya isa garin Alice Springs a 1929, motoci kuma suka yawaita, aikin madugai ya ƙare. Da yawa suka saki raƙumansu cikin daji, jikokin waɗannan raƙuma suna nan suna yawo ba mai su.

Jirgin ya gaji sunan mutanen da ya raba da sana'arsu. Ana kiransa The Ghan, wato gutsuren kalmar Afgan, kuma hoton raƙumi da mahayinsa ne tambarinsa. Tun 2004 yana ratsa ƙasar daga Adelaide a kudu zuwa Darwin a arewa, kilomita 2,979, cikin kwana uku. Abin da fasinja yake biyan kuɗi mai yawa ya gani ta taga shi ne jar ƙasa, da ƙaya, da fili iyakar ganin ido. Mutumin Damargu zai ce ai wannan a ƙofar gidansa yake.

To, me ya sa babu irinsa a nan?

An taɓa yin niyyar kawo dogo ta Sahara. Faransawa sun daɗe suna mafarkin haɗa Aljeriya da ƙasashen kudu. Sun aiko Kanar Flatters ya auna hanya, amma a watan Fabrairu na 1881 Abzinawa na Ahaggar suka kashe shi da wasu daga cikin mutanensa a bakin wata rijiya. Bayan shekaru, ayarin soja na Foureau da Lamy ya taso daga Aljeriya a 1898, ya biyo ta Abzin da Agadas, ya ratsa Damargu, ya shiga Damagaram a watan Nuwamba na 1899, bayan ya rasa mafi yawan raƙumansa. Sun ƙetare hamada, amma dogo bai biyo sawunsu ba.

A 1941 gwamnatin Faransa ta lokacin yaƙi ta sake tayar da aikin, da nufin kai dogo daga Bahar Rum zuwa kogin Kwara, da reshe ɗaya zuwa Yamai. Fursunoni aka tilasta wa aikin, cikinsu har da Yahudawa da ƴan gudun hijira na Sifaniya, kuma wasu sun mutu saboda wahala. Dogon bai wuce kudancin garin Bashar na Aljeriya da nisa ba, aka watsar da shi a 1949.

Wani yanki na wannan hanya yana nan a gabashin Maroko, daga Wujda zuwa Bu'arfa, kilomita 305. Tun 2004 aka fara hawa da ƴan yawon buɗe ido a kansa, ƴan lokuta a shekara, da sunan Oriental Desert Express. Tafiyar takan ci awa 8 zuwa 12, domin rairayi yakan rufe dogo, sai jirgi ya tsaya ma'aikata su sauka da shebur su kwashe. Baƙi suna ɗaukar wannan abin sha'awa, suna ɗaukar hoto. Ga injiniya kuwa shi ne babban ciwon kai: dogo a hamada yana bukatar mai share shi kullum, kuma wani ne zai biya.

A nan amsar tambayarmu take. Shimfiɗa dogo yana cin kuɗi mai yawan gaske, kuma kuɗin kallo ba ya isa ya biya shi. Kusan duk jiragen shaƙatawa suna tafiya ne a kan dogon da aka yi domin wani abu: ma'adinai, amfanin gona, soja ko mulki. Dubi Muritaniya. Tun 1963 jirgi yake ɗauko ƙasar tama daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, kilomita 704, tsawon jirgin kansa yakan kai kilomita 2 da rabi. Ƴan ƙasa suna hawa saman kayan kyauta, har da awakinsu. Baƙi ma sun riƙa zuwa daga nesa su hau, su sha ƙura da sanyin dare. Ba don tama ba, da babu wanda zai hau komai.

Dogon Kano da ayarin Damargu

Ko da yake jirgi bai zo nan ba, ya taɓa aljihun kakanninmu. Kafin Turawa, ayarin Tarabulus yana biyowa ta Gat da Agadas, ya yada zango a Damargu, sannan ya wuce Damagaram da Kano. Damargu tana ba shi gero da gashin jimina, kuma fataken Larabawa sun zauna a Jajiduna. A 1911 dogo daga kudancin Najeriya ya iso Kano. Kayan da raƙumi yake kaiwa bakin teku cikin watanni, jirgi ya koma kai su Legas cikin kwanaki, da kuɗi kaɗan. Cikin ƴan shekaru babban ayarin arewa ya mutu. Ayarin gishiri na Bilma ne ya tsira, domin babu dogon da ke zuwa can. Ka ga kenan abin da ya sami madugan Ostireliya ya sami namu, sai dai su an sa wa jirgi sunansu.

A ganina, wanda ya ce ƙasarmu ba ta da abin kallo bai duba da kyau ba. Hanyar da ta bar Damagaram ta bi ta Tanut, kimanin kilomita 150, ta wuce Adarbisanat zuwa Agadas, tana ratsa gonakin gero, da makiyayar Fulani da Abzinawa, da gangaren duwatsun Tigidit. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Bikin makiyaya na Ingal a ƙarshen damina ya daɗe yana jawo baƙi. Amma baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ransa. Tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, yawon buɗe ido na arewa ya durƙushe. Zaman lafiya yana gaba da dogo, kaya masu nauyi kuma suna gaba da taragon alfarma. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kusa da Bakin Birji, da hatsi, da dabbobi, su ne irin abin da mai shimfiɗa dogo yake fara tambaya.

Nijar ta gwada. Daga 2014 zuwa 2016 an shimfiɗa dogo tsakanin Yamai da Doso, kimanin kilomita 140, amma bai haɗu da na Benin ba, bai kuwa shiga jigilar yau da kullum ba. A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An tsara shi domin kaya da fasinjoji na gama-gari. Daga Tanut zuwa Maraɗi, in ka bi ta Damagaram, tafiyar kusan kilomita 400 ce a mota.

In ka sami kanka a tashar jirgi, can ko a wani wuri, ka sayi tikiti a tagar da ake sayarwa, kada ka saya a hannun wanda ya tare ka a waje. Ka karanta abin da ke jikinsa: rana, awa, lambar tarago da lambar kujera. Jirgi ba ya jiran ya cika kamar motar kasuwa, lokacinsa na yi yake tashi. In ka sami zaɓi, ka nemi kujerar taga, kuɗinta ɗaya da sauran a cikin tarago guda.

Makiyayin da yake gangarawa kudu da dabbobi a rani yana da nasa abin lura. Jirgi ba ya kaucewa, kuma mai kaya da yawa yana iya yin kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya bayan an taka birki. Kada ka yada zango a kan dogo ko ka bar yara su kora garke a kansa. Ka ƙetare a mashigar da aka ware, bayan ka duba hagu da dama ka kuma saurara.