Yatsu Huɗu da Dunƙulen Zare

Ƙarfe shida na safe ake kaɗa ƙararrawa a makarantar, amma a watan Janairu kafin nan sanyi ya riga ya tashi kowa. Makarantar kwana ce ta yara makafi a kan tsaunukan Filato, inda ƙasa ta ɗaga sama da mita 1,200, hunturu kuma ke zuwa da hazo da iska mai ratsa ƙashi. Da na shiga harabar, sai na tarar da yara sun jeru a jikin bangon da ke fuskantar gabas, kowa ya rungume kofin kunu da hannu biyu. Ba su fara sha ba tukuna. Yatsunsu suke gasawa.

A wannan gida yatsa shi ne ido. Rubutun da suke karantawa, wanda Louis Braille ya tsara a Faransa a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, kuma da kan yatsa ake bin su. Idan sanyi ya daskarar da yatsa, ko kaushi ya feso masa, sai ɗigo ya ɓace, harafi ya rikiɗe. Shi ya sa malamai kan jinkirta darasin karatu har rana ta ɗaga, shi ya sa kuma gwangwanin man kaɗanya ba ya barin tagar ɗakin kwanan mata.

Dattijuwar da ke kula da ɗakin, wadda kowa ke kira Mama, ita ta kawo saƙar yatsa. Da farko ta gwada koya musu da kwarashi da tsinken saƙa, abin bai yi daɗi ba. Zare na suɓucewa daga tsinke, yarinya ba ta sani ba sai ta yi nisa, sannan ta shafo rami a tsakiyar aikinta ta fashe da kuka. Sai Mama ta tuna wasan zare da suke yi suna yara, ta tattara tsinkunan ta adana. Ta ce mini: "Malam, abin da ke kan ƙarfe yana iya gudu ba su ji ba. Abin da ke kan yatsa kuwa, ko motsi ya yi sun sani."

Bayan la'asar na zauna kusa da wata yarinya ’yar kimanin shekara 12, wadda ƙyanda ta tafi da ganinta tana ƙarama. Ta buɗe tafin hagunta kamar mai addu'a, ta danne bakin zaren da babban yatsa. Da hannun dama ta ratsa shi tsakanin sauran yatsu huɗu, bayan wannan, gaban wancan, har ta zagaye ƙaramin yatsa ta komo. Ta sake zuwa ta sake dawowa, sai ga zagaye biyu a kan kowane yatsa, waɗanda su yaran ke kira zobe. Daga nan ta tsinci zoben ƙasa, ta tsallakar da shi kan na sama, ta jefa shi bayan yatsa. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, bakinta na ƙirga a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta sake shimfiɗa zare, ta sake tsallakarwa. Ban ankara ba sai ga saƙa tana sauka ta bayan hannunta. Ta kama wutsiyar ta ja, saƙar ta miƙe ta naɗe kanta kamar igiya mai laushi.

Na ce zan gwada. Ta kama hannuna ta jera mini zaren, ban yi layi uku ba ta tsayar da ni. "Kawu, ka cika matsewa. Sassauta. Idan ka shaƙe zobe ba zai tsallaka ba, kuma yatsanka zai kumbura." Ta shafa aikina sau ɗaya, ta gano inda na tsallake yatsan tsakiya, ta gyara.

Idan aka kira sallah ko aka kaɗa ƙararrawar abinci, ba a warware aiki. Kowace yarinya na da ɗan guntun kara. Sai ta zare zobban nan huɗu daga yatsunta ta zura su a karan, ta cusa a ƙarƙashin matashi. In kuma saƙa ta kai tsawon da ake so, sai a yanke zaren, a bi da bakinsa ta cikin zobban huɗu, a ja a ƙulle.

Sili ɗaya bai fi kaurin yatsu biyu ba, ba zai tare wa kowa iska ba. Don haka mayafin wuya guda kan ci sili biyar ko shida, kowanne kamu huɗu. Wasu kan kitsa su kamar gashi, wasu kan jera su gefe da gefe su ɗinke da zaren da yatsa. A nan ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wata ta riƙe kan, wata ta kitsa, ta uku na bi tana shafawa ko akwai inda ya saki.

Zaren ma da labarinsa. Sabon dunƙulen ulu ya fi ƙarfin aljihun makarantar, saboda haka Mama kan shiga kasuwar Katako a Jos ta tsinto tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, waɗanda suka huje ba mai saye. A wanke su, a shanya, ranar Asabar yara maza su warware su. Zaren kan fito a lanƙwashe kamar taliya, sai a naɗe shi a bayan kujera, a jiƙa, a bar shi ya bushe ya miƙe. Wanda ya yi siriri sai a ruɓanya shi biyu ko uku, domin saƙar yatsa ba ta son zare marar kauri. Launi kuwa da ƙulli ake gane shi: ja ƙulli ɗaya a bakin zare, shuɗi biyu, fari babu. Waɗanda suka taɓa gani kan yi wa waɗanda aka haifa a haka bayani. Na ji wata na gaya wa ƙawarta cewa ja shi ne launin manja da na garwashi, ita kuwa ta ce to shi take so, tunda zai fi ɗumi.

Aikin zare ba baƙo ba ne a hannun makafin ƙasar Hausa. Tun da can an san su da tufkar igiya, suna da sarkinsu da unguwanninsu a birane irin su Kano. A Filato kuma, tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta farko a Najeriya. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Duk da haka, har gobe idan aka haifi makaho a gidaje da yawa, ƙoƙon bara ake fara hango masa. Wannan ne ke ci wa Mama rai. Ba ta ce saƙar yatsa za ta ciyar da kowa ba. Abin da take so shi ne yaro ya saba tun yana ƙarami da jin cewa hannunsa na iya bayarwa. Duk yaron da ke makarantar yana da mayafinsa a wuya, kuma babu ko ɗaya da aka sayo. Mai gadi na da nasa, masu dafa abinci ma haka.

Da magariba ta gabato, sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu, yarinyar nan da ta zama malamata ta ɗauko wani aiki daga akwatinta, ja da shuɗi a kitse. Na mahaifinta ne. Tun asuba yake hawa babur yana kai buhunan dankalin turawa kasuwa, kuma duk hunturu sai tari ya kama shi. Ta tambaye ni ko ni dogo ne, na ce matsakaici. Ta ce haka Baba yake, sannan ta ce in sunkuyo. Ta naɗa mini shi sau biyu, ta shafa inda bakin ya tsaya a ƙirjina, ta auna da tafinta.

"Saura taƙi biyu," in ji ta. "Ina so ya rufe masa har ƙirji, nan iska ke dukansa."

Ta zare zobban daga kan kara, ta mayar da su yatsunta, ta ci gaba da ƙirga.