Kariya daga haɗari a motocin tsere

Kariya daga haɗari a motocin tsere dabara ce ta ƙera mota ta yadda jikinta zai sha dukan karo, direba kuma ya tsira da ransa. Idan gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin karo yakan ninka huɗu.

Yadda ake ƙerawa

Ana ƙera gaba da bayan motar ta yadda za su murƙushe, su shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga mutum. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ne ya samu rajistar wannan dabara a 1952. Mazaunin direba kuwa ana yin sa da zaren kabon, mai ƙarfi kuma mara nauyi. Kamfanin McLaren ne ya fara hakan a gasar Formula 1 a 1981. A 2018 aka wajabta halo, wani lanƙwasasshen ƙarfen titaniyam da ke kare kan direba.

Misali

Ranar 29 ga Nuwamba 2020, a Bahrain, motar Romain Grosjean ta daki shinge da gudun kilomita 192 a awa, ta rabe biyu, ta kama wuta. Ya fito da ƙuna a hannuwansa.

A Najeriya

Motocin gida na zamani ma suna murƙushewa haka, amma kariyar ba ta cika sai an ɗaura bel. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003.