YADDA AKE HORAR DA KARE A GIDA

Tarihin baka ya nuna cewa garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke cikin garin. Har yau ba a bar farauta ba a wannan yanki. Da rani, in an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi sukan shiga daji da karnukansu. Wasu kuma suna ajiye kare don gadin garke da gona. Malamai sun ce addini ya yarda a ajiye kare saboda waɗannan bukatu.

Amma kare marar horo fitina ne. Shi ne mai cinye kajin maƙwabta, ya kori awaki, ya ciji yaro a hanyar makaranta. Daga nan sai rigima, wani lokaci har gaban mai unguwa.

Mutane da yawa sun ɗauka sanda ce maganinsa. Ba haka ba ne. Kare ba ya haɗa dukan da aka yi masa da yamma da kazar da ya kashe da safe. Abin da yake koya kawai shi ne tsoron mai shi. Kare mai tsoro kuwa ya fi saurin cizo. Da lada ake koya wa kare abu, kuma nan take ake ba shi, ba sai an jima ba. Guntun ƙanzo ko ƙuli-ƙuli ya isa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara tun kwikwiyo yana wata 2. A ba shi suna gajere, kowa a gidan ya riƙa kiran sa da shi. A yi darasin kafin ya ci abinci, minti 5 kacal, sau 2 ko 3 a rana.

Darasi na farko shi ne “zo”, kuma ya fi kowane muhimmanci. A ɗaura masa igiya mai tsawo. A ja da baya kaɗan, a durƙusa, a kira sunansa, a ce “zo”. Da ya iso sai a ba shi ƙanzo, a shafa shi. Kullum a riƙa ƙara nisa. In ya saba a tsakar gida, sai a gwada a ƙofar gida, sannan a gona. Mafarauci yana iya haɗawa da fito. Abu ɗaya ne za a kiyaye: kada a kira kare don a buge shi. In aka yi haka, gobe ko an kira ba zai zo ba.

Koya masa zama ba wuya. A riƙe ƙanzo saman hancinsa, a kai hannu baya a hankali. Yana ɗaga kai zai zauna da kansa. Sai a ce “zauna”, a ba shi.

Sai maganar kaji. Tun bai kai wata 4 ba a riƙa zagayawa da shi cikin kaji da tumaki, yana ɗaure da igiya. In ya zabura, a tsayar da shi, a ce “bari” da kakkausar murya. In ya juyo ya dubi mai shi, ya ci lada. Yara su daina cuna shi ga dabbobi da sunan wasa, don suna rushe aikin da aka yi.

Horo ba ya hana ciwon haukan kare. In alamun wannan ciwo suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Saboda haka in kwikwiyo ya cika wata 3, a kai shi wurin malamin dabbobi a Dutsin-Ma ko Kurfi a yi masa allurar rigakafi. A maimaita kowace shekara, a kuma adana takardar shaida. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.