Farar Ƙasar Da Ke Yin Tauri Da Kanta

Ƴan'uwa fatake, mu dai mun san aikin muguwar hanya: mota ta kwana biyu cikin laka, shanu su rame, riba ta zube.

Botsuwana ƙasar shanu ce, amma yankinta na Kalahari rairayi ne, dutse ya yi wuya. To, da me suke yin hanya? Da wata farar ƙasa da ake haƙowa ƙarƙashin rairayin, Turawa na ce mata kalkirit. In an shimfiɗa ta an daddaɓe, ruwa ya narkar da ɗan sinadarin cikinta, rana ta busar, sai ya sake daskarewa ya ɗaure tsakuwar kamar siminti. Kusan yadda marmararmu ke taurara in ta sha iska.

Sai dai ba ta kowane rami ke yin haka ba, kuma abin na cin lokaci, shi ya sa injiniyoyi ke gwada ta tukuna.

Da ita aka yi gindin kwaltar Kalahari da aka gama a 1998. Da can shanun Ganzi a ƙafa ake kora su, makonni, zuwa mayankar Lobatse. Yanzu mota ke ɗaukar su.