*YADDA MASANA KE KOYA WA ƘWAYOYIN JIKI SABUWAR MAGANA*

 

Kwanakin baya wani bawan Allah ya zo wurina da 'yar leda ta garin magani. Da tsada aka sayar masa, aka ce "sitem sel" ne, wai yana shiga jiki ya yi wa ƙwayoyin halitta magana su sabunta kansu. Saboda wannan garin ya ajiye maganin suga da likita ya ɗora shi a kai har wata 2, ga ƙafarsa ta fara gyambo. Nan take na tura shi asibiti. Shi ya sa yau na ce bari mu tattauna ainihin wannan ilimi, don ka rarrabe aya da tsakuwa.

*Da gaske ƙwayoyin jiki suna magana?*

Ƙwarai kuwa. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma kowace tana da wasu 'yan kunnuwa a fatarta da take karɓar saƙo da su. Wani saƙon ta cikin jini yake tafiya, kamar wasiƙar da aka ba direban mota. Wani kuma tsakanin maƙwabta ne kawai. Akwai kuma wanda ba ya isa sai ƙwaya ta taɓa 'yar uwarta, kamar musafaha.

Ka ɗauki tuwon da ka ci daren jiya. Suga ya hau a jininka, sai wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin. Insulin ɗin nan manzo ne, yana zuwa ya gaya wa tsoka da hanta su kwashe sugan. A wani nau'in ciwon suga manzon ne babu. A nau'in da ya fi yawa ga manya kuwa, manzon yana zuwa, amma ƙwayoyin sun yi nauyin ji. Ka ga kenan cutar ta samo asali daga lalacewar saƙo.

*Abin da masana suka yi*

Tunda haka ne, sai masu bincike suka ce: me zai hana mu ƙera wa ƙwaya sabon kunne da sabon baki? Suna yin haka ta hanyar dasa mata sabon umarni a cikin ƙwayoyin gadonta.

A 2012, a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, ɗakin binciken Farfesa Martin Fussenegger ya haɗa rukuni biyu na ƙwayoyi: waɗannan su saki wani sinadari, waɗancan su ji su mayar da amsa da wani sinadarin daban. A 2016 kuma suka sauya wasu ƙwayoyin da asalinsu na ƙodar mutum ne, suka koya musu auna suga da sakin insulin, suka dasa su a jikin ɓeraye masu ciwon suga, sugan ya daidaita.

A shekarar 2016 ɗin dai, a San Faransisko ta Amurka, mutanen Farfesa Wendell Lim suka ɗauki wani kunne mai suna Notch. Shi wannan kunnen, kansa yana waje, jelarsa tana cikin ƙwaya. Da zarar kan ya kama abin da yake nema a jikin maƙwabciya, sai jelar ta tsinke ta shiga tsakiyar ƙwayar ta kunna wani aiki. To sai suka musanya kan, suka musanya jelar, suka bar tsakiyar yadda take. Yanzu su ke zaɓar abin da ƙwayar za ta ji da abin da za ta yi idan ta ji. Sunan wannan sabon kunne synNotch.

Ga amfaninsa. Matsalar yaƙi da ciwon daji ita ce muguwar ƙwaya tana kama da lafiyayya. Da wannan kunnen aka koya wa sojojin jiki, wato wasu fararen ƙwayoyin jini, kada su kai hari sai sun ga alama biyu tare, kamar alƙalin da ba ya hukunci da shaida ɗaya. A jikin ɓeraye, suka cinye ƙarin da ke da alamun biyu, suka ƙyale mai alama ɗaya.

*Wanda ya riga ya kai ga mutane*

Shi ne ake kira CAR-T. Ana ɗibar sojojin jikin majinyaci, a ɗora musu sabon kunnen da ke gane ƙwayar cutar, a hayayyafa su, a mayar masa. A 2012 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 mai ciwon dajin jini a asibitin yara na Filadelfiya, bayan sauran magunguna sun gaza. Sai dai sojojin nan suka yi ta kururuwa ga junansu, saƙon faɗakarwa ya yi yawa a jini, zazzaɓi ya yi tsanani, har aka sa ta a na'urar numfashi. Da likitoci suka gano wane saƙo ne ya yi yawa, sai suka toshe shi da wani maganin ciwon gaɓɓai, ta farfaɗo, cutar kuma ta tafi. A watan Agusta 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani na farko, Kymriah, a kan dala 475,000.

*To, ina batun garin leda?*

Ɗan uwa, yi tunani. Waɗancan ƙwayoyi rayayyu ne, daga jinin majinyacin kansa aka ɗebo su, a daskare ake jigilarsu cikin sanyi mai tsanani, ta jijiya ake ƙara su, likitoci na tsaye a kansa kwana da kwanaki. Garin da ya sha rana a kasuwa babu rayayyar ƙwaya a cikinsa. Ko da akwai, tumbi zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da nama. Ƙwayar tuffa ko inabi kuma ba ta rikiɗa ta zama ta mutum. Dasa ƙwayoyi masu auna suga ɗin can ma da na ambata, a ɓeraye aka yi shi.

*Abin da za ka riƙe*

1. Kada ka ajiye maganin suga, hawan jini ko ciwon daji don wani ya yi maka alkawarin waraka cikin sati biyu.
2. Idan kana haɗawa da zogale ko habbatus sauda, gaya wa likitanka, kuma ka riƙa auna suga, don yana iya sauka fiye da kima. Zuma kuwa tana ɗaga shi.
3. Ɗan tattaki bayan cin abinci da rage ƙiba suna taimaka wa ƙwayoyi su ji saƙon insulin.
4. Uwargida, duba ƙafar maigida mai ciwon suga kullum. Rauni komai ƙanƙantarsa, a je asibiti.

Shi bawan Allah ɗin nan an wanke masa ƙafar, ya koma kan maganinsa, yana samun sauƙi. Kuɗin garin dai sun tafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da zuriyarmu. A tura wa 'yan uwa.

Wassalamu alaikum.