Ƙullutan Saiwar Wake Ba Cuta Ba Ne

A tarukan manoma na ikilisiyoyi ana yawan tambayarmu game da 'yan ƙullutan da ke saiwar wake, gyaɗa da waken suya. Waɗannan ɗakuna ne da shuka ke gina wa wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, masu suna rizobiya. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska, amma baƙin nan suna iyawa. Su ba ta taki, ita ta ba su abinci.

To, yaya saiwa ke sanin lokacin gina ɗakin? Kowace ƙwayar jikin shuka, ta ganye ko ta saiwa, tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya. Sai dai ba duk shafuka ake karantawa ba. Allah ya shirya wasu ƙananan alamu da ke manne wa shafi su rufe shi, ba tare da sun canja ko harafi ɗaya ba. Masana na kiran wannan efijenetik. Yawancin shafukan aikin ƙullutu a rufe suke sai baƙin sun shiga saiwa. A shekarar 2016 masu bincike a Faransa, da suka yi aiki da wata ciyawa dangin wake, sun nuna cewa wani sinadari mai suna DEMETER ne ke ɓamɓare alamun. Da suka rage ƙarfinsa, ƙullutan suka tsumbure, takin da suke samarwa ya ragu.

Shuka kuma ba ta ciyar da baƙo a banza. In ta tarar da naitirojin da yawa a ƙasa, sai ta rage ƙullutan. Shi ya sa a ganinmu zuba yuriya mai yawa a gonar wake ɓarnar kuɗi ce. Supa ya fi mata amfani.

Bayan mako shida da shuka, ku haƙo tushe ɗaya a hankali, ku tsaga ƙullutu da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya. Na kirki yana ɓallewa da sauƙi in an murza shi. Amma in saiwar ce kanta ta kumbura, wannan tsutsar ƙasa ce, sai a nemi malamin gona.