Wari da Zafi Ba Su Ne Shaidar Ingancin Takin Buhu Ba

Noman cikin gida, wanda ake yi a buhuna da tsofaffin bokitai da ledojin renon dashe, yana ƙara samun karɓuwa a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina, saboda dalilan da ba su ɓuya ga kowa ba: rashin tsaro a garuruwan da ke gefen Dajin Rugu, irin su Ruma da Runka, ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, satar shanu ta rage garkunan da a da suke kwana a gonaki bayan girbi suna zuba taki, sannan farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, ya kuma ƙara hawa bayan cire tallafin man fetur a 2023. Wannan ya buɗe kasuwar takin buhu, wato haɗin kashin dabbobi da ganyaye da ƙaiƙayi da ƙasa wanda ya kamata a ce ya gama ruɓewa kafin a ɗura shi, kuma mafi yawansa ba ya ɗauke da wata takarda da ke bayyana abin da ke ciki.

Abin takaici shi ne ma'aunin da masu saye da yawa suke amfani da shi, wanda masu sayarwa suka gane suna kuma cin moriyarsa: a kwance bakin buhu, wari ya bugi hanci har idanu su kawo ruwa, a cusa hannu a ji ɗumi, sai a ce, "Wannan taki yana da ƙarfi." Wannan magana ta hallaka dashen tumatir da attarugu da zogale masu yawa, kuma sau da dama laifin yakan koma kan mai iri ko kan matar gida da ake zargin ba ta yi ban-ruwa ba, alhali ɓarnar tana cikin buhun tun ranar da aka sayo shi. Warin nan mai yaji, wanda aka fi ji a ɗanyen kashin kaji, na amoniya ne, wato iskar da naitirojin yake zama idan yana ficewa daga taki, naitirojin kuwa shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Ma'ana, mai sayen da ya biya kuɗi saboda wari ya biya ne saboda abin da ke tserewa cikin iska a gaban idonsa, ragowar da ta maƙale a buhun kuma tana ƙone saiwa da ƙwayar irin da ke ƙoƙarin tsirowa.

Ɗumin ma haka yake. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke cin takin suna ruɓar da shi, aikinsu ne yake haifar da zafi, don haka buhun da yake da ɗumi yana shaida cewa ruɓewar ba ta kammala ba. Muddin suna kan aiki, suna shanye iskar da saiwa take buƙata, kuma idan takin yana da garin katako ko ɓuntun shinkafa da yawa, kamar yadda shimfiɗar ɗakin kaji takan kasance, sukan wawashe naitirojin ɗin da ke cikin ƙasar domin su iya narkar da shi, sai a ga shuka ta yi rawaya ta tsumbure a tsakiyar takin da aka ce mai ƙarfi ne.

Wannan fahimta ta cewa wari da ɗumi su ne ƙarfin taki tana da asali, kuma a gona ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Manomin jigawa yakan kai taki gona da rani a kan jakuna ko amalanke, ya jibge shi tsibi-tsibi, rana da iska da gara su yi ta aiki a kansa watanni kafin ruwan shuka ya sauka, sannan ya baje shi a fili mai faɗi inda saiwar gero take da wurin kaucewa. Shukar buhu ba ta da wannan gata, domin duniyarta ba ta wuce 'yan mudun ƙasa ba, duk gishiri da amoniya da ke ciki a kanta za su ƙare. Ɗauko hukuncin gona a ɗora wa buhu shi ne tushen kuskuren. Ya kamata kuma a sani cewa takin da ya nuna ba a neman sa domin ya yi gogayya da takin zamani, tunda naitirojin ɗinsa yawanci kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, na yuriya kuwa kashi 46. Babban amfaninsa a ƙasa mai rairayi irin ta wannan yanki shi ne riƙe ruwa da sakin abinci sannu a hankali.

Baƙin launi shi ma yana ruɗin mutane, domin ƙasar juji da aka ƙone shara a kanta baƙa ce wuluk, amma abin da ke cikinta toka ce da ƙonanniyar leda da fasassun kwalabe da ragowar batura. Toka mai yawa tana ƙara wa ƙasa gishiri da kaifi irin na kanwa, batura kuwa na iya barin dalma da makamantanta, waɗanda ba su da wari, ba sa ruɓewa, suna kuma maƙalewa a ganye da hannun yara. Gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010 daga sarrafa duwatsun zinare ta fito, ba daga juji ba, amma ta isa ta nuna cewa ƙasa tana iya ɗauke da guba ba tare da wata alama ba. 

Sayen taki ba tare da an kwance buhu ba cinikin biri ne a sama, kuma mai sayarwar da ya hana a duba kayansa ya riga ya ba da amsa. Idan an kwance, sai a cusa hannu har tsakiya, a ɗebo daga can, domin saman buhu shi ake gyarawa. Takin da ya nuna yana da sanyi, ƙanshinsa irin na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa ne, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, yana marmashewa, kuma ba a iya gane cewa wannan kashin akuya ne, wancan karan dawa ne. Idan aka damƙe shi yakan dunƙule ba tare da ya ɗigo da ruwa ba, ya wargaje da an taɓa shi. Wanda ya ɗigo an jiƙa shi ne don ya ƙara nauyi, ko kuma ya kwana cikin ruwa ya yi tsami. Nauyin buhu ba abin yabo ba ne, domin yashi ya fi taki nauyi nesa ba kusa ba, kuma ana gane algus ta hanyar zuba cikin hannu ɗaya a gorar ruwa a girgiza: yashi yakan kwanta a ƙasa cikin minti ɗaya, idan ya kai rabin abin da aka zuba, to, ƙasar rafi aka sayar da kuɗin taki. Farin ɓawo a jikin buhu alamar gishiri ce, gwazarma kuma a tsince ta a ba kaji.

Wanda zai sayi buhuna da yawa ya fara da tiya ɗaya ya yi gwaji biyu. Na farko, ya jiƙa kaɗan ya ƙulle a leda kwana 3 a inuwa, idan ya buɗe ya ji warin amoniya ko na ruɓaɓɓen ƙwai, takin bai nuna ba. Na biyu, wanda ya fi kowanne gaskiya, ya shuka ƙwayar tumatir ko wake 10 a cikin takin, wasu 10 a ƙasar da ya yarda da ita, ya ba su ruwa daidai wa daida na kwana 7 zuwa 10, sannan ya kwatanta yawan tsiro da koren ganye da farin saiwa. Ciyawar da ta fito ba a shuka ta ba tana nuna cewa tsibin da aka ɗebo takin daga cikinsa bai taɓa yin zafin da ke kashe iri ba, wato awo 55 na ma'aunin Salshiyos ko fiye na tsawon kwanaki. Ƙasar da aka kwaso daga gonar da wuta-wuta ta kama kuwa a guje ta ko da kyauta ce, tunda irin wannan ciyawa yana rayuwa fiye da shekara 10 cikin ƙasa.

Wanda ya riga ya sayi ɗanye kada ya zubar, sai ya juye shi a inuwa, ya gauraya da busassun ganye, ya yayyafa ruwa, ya lulluɓe da tsofaffin buhuna, yana juyawa duk mako ɗaya ko biyu har wata 2 zuwa 3, sai ya ga sandar da ya soka a tsakiya ta fito ba ɗumi. Wannan jira ya shafi lafiya ma, domin ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ko takin da ya ci duk gwaje-gwajen nan ba a shuka a cikinsa zalla, kashi ɗaya ake sawa a cikin kashi biyu na ƙasar sama mai kyau, a ƙara yashi idan ƙasar laka ce kawai, ragowar kuma a ajiye ta a inuwa bisa katako, nesa da rana da ruwan indararo.